Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin ƙungiyarmu: bazara ba hutu ba ce ga masu karatun PA

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Shugaba, Baba Ma'aji, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu Hajiyoyi na ɓangaren mata, da sauran ƴan kwamitin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wannan gari a Amurka, ina gaishe ku gaisuwa ta ɗa da mahaifi, sannunku da ɗawainiya da jama'a. Mun san ba albashi ake biyanku ba, kun taso daga aiki a gajiye kun zo kun zauna kan lissafin hayar masallaci da kuɗin wuta da na makabarta, Allah ya saka muku da alheri ya ƙara rufa asiri.

Ni ƴarku ce, a gabanku na girma. Ina rubuta wannan ne a madadin mu ƴaƴanku da ke karatun PA, wato mataimakin likita, wasunmu suna shekarar farko ta zaman aji, wasu sun shiga shekarar zagayen asibitoci. Ba mu da yawa amma mun tattauna a tsakaninmu, suka ce ni in rubuta tunda wai ni ce mai baki. Da so samu ne in zo mitin in durƙusa in faɗa da bakina, to amma mitin ranar Lahadi da yamma ake yi, mu kuma kusan kowace Litinin da jarrabawa muke wayar gari, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya karanta, don maganar ba ta kwamiti kaɗai ba ce, ta shafi iyaye da mazaje da surukai ma.

Abu biyu aka yanke a mitin ɗin da ya wuce, kamar yadda muka gani a sanarwa. Ɗaya, daga yanzu tallafin asusun ɗalibai sai a zangon Agusta da na Janairu kawai za a riƙa bayarwa, an cire na bazara, dalili kuwa wai bazara hutu ne, yaro ya je ya nemi aiki. Biyu, duk ɗalibin da ya taɓa cin tallafin an saka sunansa a jadawalin aikin sa kai na makarantar yara ta bazara da girkin fikinik, wanda ya yi fashi kuma za a cire shi daga tallafi na gaba. Ban ce an yi da mugun nufi ba, wallahi ko kaɗan. Na san asusun ya yi ƙasa, kuma ga ƙannenmu da ke digirin farko maganar Baba Ma'aji gaskiya ce, suna gama jarrabawa a watan Mayu ba sa komawa sai ƙarshen Agusta, su yi aikin sito ko tuƙin kai saƙo su tara abin da ya samu. Matsalar dai an auna mu da mudun da ba namu ba ne.

Karatun PA ba a gina shi da hutun bazara ba tun asali. A Jami'ar Duke da ke North Carolina aka fara shi a 1965, wani likita Dokta Eugene Stead ya ɗauko tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya koya musu aikin likita cikin shekara biyu saboda ƙarancin likitoci, kuma tsarin da ya kwaikwaya shi ne na yadda aka riƙa yaye likitoci cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƴan farko sun gama ranar 6 ga Oktoba 1967. Wannan gaggawar har yau ba ta fita daga jikin kwas ɗin ba, yawancin makarantu wata 27 ne ko kusa da haka a jere, digiri na biyu ne, ana shiga ba a fita sai an gama, abin da ake ba mu tsakanin zango da zango sati ɗaya ne ko biyu in an ci sa'a. Iyayenmu da suka zo daga Gana sun san irin wannan aikin, sun san waɗanda aka yaye a makarantar aikin lafiya ta garin Kintampo suke riƙe da asibitocin ƙauye, ku tambaye su ko wasa ne. Kuma makarantu da yawa a nan, har da tamu, a watan Mayu ko Yuni suke ɗaukar sabbin ɗalibai, wato daidai ranar da yaran unguwa suke jefar da jakar makaranta suna murna, ranar mu muke shiga uku.

Bari in gaya muku yadda zangon yake, don na lura ana jin an ce karatu sai a ɗauka mutum ne zaune a laburare da kofin shayi. Abin da ake koyarwa cikin sati 15 ko 16 a zango na yau da kullum, shi ake matsewa cikin sati 10 zuwa 12, ba a rage ko shafi ɗaya ba, kamar a ce maka ka juye ruwan randa cikin buta kuma kar ɗigo ya zuba. Lakca daga takwas na safe zuwa huɗu ko biyar na yamma, ilimin sassan jiki, ilimin yadda jiki ke aiki, farkon ilimin magunguna, yadda ake ɗaukar tarihin mara lafiya da duba shi daga kai zuwa ƙafa. In an tashi ba gida ake tafiya ba, ɗakin gawa ake komawa. Warin sinadarin da ake adana gawa da shi yana kama hijabi ya kama gashi, ni dai na ware hijabi na musamman da nake ƙullewa a leda a but ɗin mota don ko an wanke ba ya fita duka, ido yana ruwa hanci yana zafi haka za ka sunkuya da almakashi kana bin jijiya siririya kamar zare kana addu'a kar ka tsinke ta, don in ka tsinke ta ka ɓata wa duk ƴan teburinku. Hammata kaɗai, wurin da ba wanda ya damu da shi, akwai wani saƙaƙƙen tarin jijiyoyi da ke fitowa daga wuya ya sauka hannu, saiwa biyar, su haɗu su zama uku, su rabu shida, su sake haɗuwa uku, sannan su fitar da manyan rassa biyar, kuma ba sunansu kawai ake so ba, sai ka san wace tsoka kowanne ke motsawa, in ya lalace wane yatsa ne zai ƙi lanƙwasa. Wannan na kwana biyu ne ko uku, an wuce wurin. Ga ƙasusuwa 206 kowanne da tudunsa da raminsa masu suna, ga jijiyoyin kai 12 a kowane gefe.

Ranar jarrabawar ɗakin gawa kuwa sai wanda ya gani. An soka ƴan allurai masu lamba a jikin gawarwaki, kowane tebur minti ɗaya ake ba ka, ƙararrawa ta buga ka matsa gaba ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, babu komawa baya. A makarantarmu ƙasa da maki 70 faɗuwa ce. Ka faɗi ɗaya a kira ka ofis a ba ka damar gyara, ka sake faɗuwa a zauna a kanka, ko dai a ce ka dakata ka jira ƴan baɗi ka sake farawa da su, ko a sallame ka gaba ɗaya. Kuma ba kamar digirin farko ba ne da za ka ajiye kwas ɗaya ka ɗauke shi zango mai zuwa, a nan aji ɗaya ne ke tafiya tare, kwas sau ɗaya ake yin sa a shekara, wanda ya zame ya zame shekara guda cur, bashin da ya ci kuma yana nan yana haihuwa.

Ga kuma abin da ku kanku kun sani, ranakun bazara a jihohin nan na arewa. Isha sai bayan goma na dare, asuba kafin huɗu ta shigo. Tsakaninsu awa shida ma ba ta cika ba, a cikin wannan ɗan tsakanin za ka yi bitar abin da aka koya yau ka rintsa ka tashi. Ranar Juma'a sai mutum ya roƙi malami a bar shi ya fita minti arba'in, wani ya yarda wani ya ce sai dai ka nemi wanda za ku yi musanyar lokaci. Babbar Sallah ma shekarun nan a bazara take faɗowa, ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni aka yi, akwai ƴan uwanmu da daga filin idi suka cire babbar riga a mota suka saka kayan asibiti suka wuce aji, naman ma sai da dare suka gan shi a firij.

To a cikin wannan ne aka ce mu je mu nemi aiki. Baba Ma'aji, mu fa ba ragwaye ba ne, kafin a ɗauke mu ma sai da muka yi aiki, don makarantun PA da yawa ba sa duba takardarka sai ka tara ɗaruruwan awoyi, wasu har dubu ko dubu biyu, na kula da marasa lafiya hannu da hannu. Mun wanke tsofaffi a gidajen jinya, mun ɗebi jini, mun yi kwanan motar asibiti. Amma ranar da muka shiga makaranta, a takardar dokoki aka rubuta mana ƙarara cewa ba a son ɗalibi ya yi aiki, kuma aiki ba uzuri ba ne na fashin aji ko faɗuwa jarrabawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk mun ajiye ayyukanmu, da inshorar lafiyar da ke biye da su. Waɗanda suka zo da bizar ɗalibi daga gida kuwa nasu ya fi tsanani, ba su da damar cin bashin gwamnatin tarayya, aikin da doka ta yarda musu lokacin karatu awa 20 ne a sati a cikin harabar makaranta, wanda ko shi ba su da lokacinsa.

Mu masu takarda da muke iya cin bashin ma abin ba yadda kuke zato ba ne. Babban bashin da ake ba ɗan digiri na biyu dala 20,500 ne a shekara, kuma ruwansa yana hawa tun kana aji, ba ya jiran ka gama. A makarantu masu zaman kansu da yawa kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 100,000 kafin a gama, ban da haya ban da abinci. Abin da ake cike giɓin da shi a da shi ne wani bashi mai suna Grad PLUS, to dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta rufe shi ga sabbin masu karɓa daga 1 ga Yuli 2026, wato ƙannenmu da ke biye da mu sai dai su nufi bankuna masu neman wanda zai tsaya maka, kuma kun san waye za a zo wa da takarda a ce Baba sa mini hannu. Ban ma shiga maganar riba da nauyin da take mana a zuci ba, Malam Liman ya san sau nawa ake tsare shi da wannan tambayar bayan sallah. Tallafin ƙungiya bai taɓa biyan kuɗin makaranta ba, kuma ba mu ce ya biya ba. Amma shi ke sayen abin sauraren ƙirji da na leƙa kunne da ido da ake tilasta mana saye a satin farko, shi ke biyan rigakafi da gwajin jini da binciken tarihin laifi da ake buƙata kafin a bar ka ka taɓa mara lafiya, shi ke zuba mai a mota. Duk waɗannan a zangon bazara suke faɗowa wa ɗan shekarar farko, zangon da aka zaɓa aka yanke.

Na ji an ce a mitin ai waɗannan masu kuɗin gobe ne. Haka ne, alƙaluman hukumar ƙwadago ta Amurka sun nuna matsakaicin albashin PA ya haura dala 130,000 a shekara, ba za mu ɓoye ba, yana cikin abin da ya ja mu. Amma wannan kuɗin yana can bayan an gama, bayan an ci jarrabawar ƙasa ta PANCE, tambaya 300 cikin awa biyar, sannan jiha ta ba ka lasisi, sannan asibiti ya gama tantance ka wanda shi ma yana cin watanni. Wanda aka sallama a watan Yuli na shekarar farko ba zai ga ko sisi daga ciki ba, bashi kawai zai gani. In ana maganar ribar ƙungiya ce ma, wanda ya gama shi ne gobe zai riƙa zuba wa asusun nan.

Yayyenmu da ke shekara ta biyu su ma kar a ce ai sun huta da aji. Kusan awa 2,000 ake so su yi a asibitoci, ɓangaren yara, na mata da haihuwa, tiyata, gaggawa, ƙwaƙwalwa, likitan iyali, kowanne sati huɗu zuwa shida, ba a biyansu ko kwabo, su ne ma ke biyan makaranta. Wani a tura shi gari mai nisan awa biyu, wani ya yi kwanan asibiti, mai tiyata kafin shida na safe yana can, ƙarshen kowane zagaye kuma da jarrabawarsa. Ranar da ka yi fashi sai ka rama ta. Mai irin wannan jadawalin ba shi ke da Asabar ɗinsa ba balle ya yi wa kwamiti alkawarinta.

Wanda ya kawo ni kan jadawalin aikin sa kai. Makarantar yara ta bazara abu ne mai kyau, ni kaina a cikinta na haddace izu na farko, kuma na san in ba a riƙe yaran nan ba waya ce za ta riƙe su wata uku. Amma haɗa ta da barazanar cire tallafi shi ne bai yi ba. Bara, tun kafin a mai da shi doka, ɗaya daga cikinmu kunya ta hana shi cewa a'a, ya wuni Asabar yana jigilar yara da kujeru, Lahadi yana gaban gashin nama har magariba, Litinin ya shiga jarrabawa da abin da ya rage a kansa, ya faɗi da ɗan maki kaɗan. Satin da ya kamata ya yi karatun gaba a gyaran baya ya ƙare, daga nan bai sake kamo ajin ba sai da ƙyar da jiɓin goshi, ya rame ya fita hayyacinsa, kuma ba wanda ya sani a cikinku don ranar fikinik yana ta dariya yana raba faranti. Yanzu da aka mai da abin wajibi, zaɓin da aka bar mana shi ne ko mu rasa tallafi ko mu rasa maki, duk wanda muka ɗauka mu ne a ƙasa.

Iyayena mata, ku yi haƙuri, akwai wadda ta shafe ku kai tsaye kuma ita ta fi yi mana ciwo, don kuɗi ana iya rancensa amma magana in ta fita ta fita. Bazara lokacin biki ne a nan, kowa na jira yara su samu hutu a ɗaura aure, kowane ƙarshen sati da kamu ko walima ko suna, wani a gari wani sai an yi tafiyar awa huɗu. In namiji bai zo ba sai a ce ai karatu ya riƙe shi, Allah ya taimaka. In mace ce sai a ce ta zama Baturiya, tun ba ta zama likitar ba ta daina gaisuwa, wai ko anko ba ta saya. Maganar tana zagayowa ta dawo kunnen iyayenmu, uwa ta kira ƴarta tana kuka ta ce kin sa ana zagina, yarinya ta ajiye littafi ta ɗaura ɗankwali ta je ta zauna a zauren biki jikinta na nan hankalinta na kan jijiyoyin wuya, ta dawo sha biyun dare ta fara karatu. Masu aure a cikinmu kuma ga yara a gida ba makaranta, kuɗin gidan raino a garin nan kun san ya kusa kamo haya, ga miji da shi ma ana zuga shi a majalisa wai ya bar mace tana kwana a waje. Ba a waje take kwana ba Baba, a ɗakin karatu take da wasu mata irinta kowa da katin bita a hannu. Kuma ku ne fa, ku da kanku, kuke dawowa daga asibiti kuna cewa da ma a samu mace Musulma mai jin Hausa ta duba mu, an gaji da bayani ta bakin tafinta a waya, an gaji da jika ɗan shekara goma yana fassara wa kakarsa ciwon mata. To ga mu muna ƙoƙarin zama ita, hanyar kenan, babu wata.

Sai maganar duba mara lafiya a farfajiyar masallaci. Wallahi muna jin daɗi in dattijo ya kira mu likita, amma mu ɗalibai ne, ba mu da lasisi, doka ba ta yarda mu ce ga ciwonka ko ga maganinka ba sai ƙarƙashin idon mai lasisi a wurin da makaranta ta tura mu, in labari ya kai makaranta cewa ɗalibi yana ba da magani a gari kora ce ba gyara. Amma ana idar da sallah sai a zaro takardar gwaji daga aljihu, ko a turo hoton kwalbar magani ƙarfe ɗayan dare a WhatsApp, in ka ce Baba ka koma wurin likitanka sai a ce rowar ilimi. Haɗarin ma a kanku yake. Akwai maganin hawan jini da ke sa wasu busasshen tari, mutum ya gaji ya daina sha da kansa ya zo yana tambayar yarinyar da ta yi sati shida a makaranta, alhali likitansa cikin minti biyar zai canza masa wani. Wani ya ga lambar gwajin suga na wata uku ta kai 6.5 ko ta wuce, wato alamar ciwon suga, maimakon ya koma asibiti sai ya zo neman wanda zai ce masa ba komai. Wanda ba shi da inshora akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, wannan kam za mu iya nuna muku hanya mu taya ku cike fom. Wanda kuma ƙirjinsa ya riƙe ko bakinsa ya karkace ko hannu ya mutu, don girman Allah lambar gaggawa ta 911 za a kira, ba ni ba.

Allah gafarta Malam, taka gajera ce. Ana ta raɗe-raɗin cewa muna yanka gawa, wai haramun muke ci, har wata ta ƙi karɓar abinci daga hannun ɗaya daga cikinmu. Gawarwakin nan mutane ne da suka yi wasiyya da bakinsu suka ba da jikinsu don a koyi ilimi, ana rufe su ana mutunta su, ba a ɗaukar hoto, a ƙarshe makaranta tana taron karrama su da iyalansu. Manyan majalisun fiƙihu sun yi magana kan fiɗa don koyon likitanci sun halatta da sharuɗɗa, kai ka fi mu sanin bayanin. Minti biyar a huɗuba ko bayan karatun Lahadi zai kashe maganar, daga bakinka za a ji, daga namu cewa za a yi muna kare kanmu.

Ban so in faɗi wannan ba amma ƴan uwana sun ce kar in tsallake. Akwai waɗanda a cikinmu barci ya ƙaurace musu, akwai mai kuka a mota kafin ta shiga aji, akwai wanda gabansa ke faɗuwa duk sanda waya ta yi ƙara. In ɗanku ya ce yana ganin mai ba da shawara na makaranta kar a ce masa rashin tawakkali ne, yana addu'a kuma yana neman magani, kamar mai ciwon suga. Lambar 988, ta taimakon masu tsananin damuwa, tana nan dare da rana ga wanda abin ya kai shi bango, ya kamata a manna ta a allon sanarwa kusa da jadawalin sallah.

Abin da muke roƙo ga shi. A dawo da tallafin bazara ga duk ɗalibin da makarantarsa ba ta hutu a bazara, ba mu kaɗai ba, masu karatun jinya irin wanda ake matsewa cikin ɗan lokaci da masu haɗa magunguna da ke zagayen asibiti su ma haka suke. Shaida ba wuya, kowa ya kawo takardar rajistar zangon daga makaranta, Baba Ma'aji ya gani da idonsa. In kuɗin ne babu, a faɗa mana gaskiya, mun yarda a raba abin da ake ba mu a shekara gida uku maimakon biyu, a fara da na Mayu don a nan kashe kuɗin ya fi yawa, wannan ko dala ɗaya ba zai ƙara wa asusu nauyi ba. A cire sunayenmu daga jadawalin bazara, a cire sharaɗin cewa mai fashi ya rasa tallafi, a rubuta mana shi bashi mu biya a lokacin da muke da sarari. Hutun Disamba muna nan, ku ba mu yaran da ke sha'awar aikin lafiya mu zauna da su mu nuna musu kwasa-kwasan da ake buƙata da yadda ake tara awoyin asibiti da yadda ake cike CASPA, shafin da ake neman gurbin PA ta cikinsa, wanda ake buɗewa a ƙarshen Afrilu kuma wanda ya makara ya yi asara, abin da mu ba mu samu mai gaya mana ba sai da muka yi ta karo da bango. Sannan daga 6 zuwa 12 ga Oktoba makon PA ne a duk Amurka, in kwamiti ya samo mana likita ko nas mai lasisi daga cikin jama'armu da zai tsaya a kanmu, za mu yi ranar awon jini da suga kyauta a masallaci, a yi shi bisa ƙa'ida da tebur da takarda.

Hajiyoyi kuma roƙonmu gare ku ba na kuɗi ba ne. In ba ku gan mu a biki ba ku karɓi gudummawar da muka aiko da uzurinmu, in an fara maganar a gabanku ku kashe ta. Wadda Allah ya hore wa lokaci ta karɓi yaran ɗaya daga cikinmu ranar Lahadi da yamma ko na awa uku ne. In an yi tuwo ya yi saura a zuba a roba a aiko, ba kunya za mu ji ba, wasunmu rabonsu da abinci mai miya tun watan Mayu.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a saka wannan magana a ajandar mitin mai zuwa kar a ɗaga ta zuwa Satumba, don kafin nan zangon ya ƙare, wanda zai faɗi ya riga ya faɗi. In za a ba mu minti goma sha biyar ta waya ranar Juma'a da dare, biyu daga cikinmu za su shigo da jadawalin karatunmu na sati da rasit ɗin abin da muka kashe, a duba a yi mana tambayoyi. In akwai inda harshena ya yi kaifi a yafe mini, ba raini ba ne.

Wassalamu alaikum.

Ƴarku,
a madadin ƴaƴanku masu karatun PA